Murhun bandar kifi na ƙarfe: abin da na gani bayan shekara biyu ina aiki da shi

Ni 'yar Yawuri ce. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nake ganin Inna tana juya kifi a kan ragar waya, hayaƙi na turnuƙe ta, tana share hawaye da bakin zane tana ci gaba da aiki. Aure ya kawo ni Kano. Da yara suka tasa, kuɗin makaranta ya fara fin ƙarfin albashin maigida, sai na koma ga sana'ar da na gada. Shekara tara na yi ina banda a bayan gida da rabin duro da itace. Abin da ya raba ni da duron nan abu biyu ne: idona na dama da ya fara yin ja ba ya washewa, da kuma maƙwabciyata, mutuniyar kirki, da ta shigo wata rana ta ce mini cikin ladabi shanyarta kullum warin hayaƙi take yi. Na ji nauyin maganar ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

A wani taron horo da ƙungiyarmu ta mata masu sana'ar abinci ta shirya na fara ganin murhun banda na ƙarfe. Malamin da ya zo ya ce irin wannan tsari daga cibiyoyin binciken gwamnati ya fito, ya ambaci cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, wadda ake kira NIOMR. An kafa ta a 1975, tana unguwar Victoria Island, daf da bakin teku. Aikinta nazarin ruwan teku da kifin da ke cikinsa, har jirgin ruwa na bincike take da shi mai suna Bayagbona, amma cikin abubuwan da aka fi saninta da su a wurin talakawa akwai murhun kyafa kifi da injiniyoyinta suka tsara. Na yi mamaki a ranar. Ina ni ina teku? Ashe ilimin da aka haɗa don kifin bakin teku shi ne zai zo ya sauƙaƙa mini bandar tarwaɗa a Kano.

Nawa murhun ba daga cibiyar na saye shi ba. Wani mai walda ne a nan gari ya ƙera mini, ya ce a kan wancan tsarin yake. Wannan bambancin a riƙe shi, don duk abin da zan faɗa na yabo da na ƙorafi a kansa ya rataya.

Siffarsa kamar firij mai ƙofa ɗaya, ya ɗan fi ni tsawo. Bangonsa ninki biyu ne, an cusa audugar gilashi a tsakani don zafi kada ya tsere. Daga ƙasa akwai akwatin gawayi da ake jawowa kamar durowa. A samansa akwai farantin ƙarfe mai gangare da ke tare man kifi ya zubo da shi ta wani ɗan bututu zuwa gwangwani a waje. Sai tire shida na raga, sai bututun hayaƙi a can sama mai marfin da ake buɗewa ko a rage. A jikin ƙofa kuma an liƙa agogon auna zafi. Maza shida ne suka sauke shi daga mota, kuma sai da aka cire ƙyauren zaure kafin ya shiga. Duk wadda za ta yi oda, ta auna ƙofar gidanta tukuna.

Ranar farko na zuba tarwaɗar tafki kilo talatin. Na wanke ta da gishiri da ruwan zafi don yauƙin ya fita, na cire hanji, na lanƙwasa kowacce na soke jelar, na jiƙa a ruwan gishiri na rabin awa, na bar ta ta tsane a iska. Yadda nake yi har yau shi ne: awa ɗaya na farko wuta kaɗan, marfin sama a buɗe, don fatar ta bushe kada ta tsage. Daga nan in ƙara gawayi zafi ya haura digiri 80 zuwa 90 har ta dahu ciki. Sai in rage wuta ta ci gaba da bushewa a hankali har washegari. Idan ina son ƙamshin hayaƙi, a ƙarshe nake watsa ɗan garin katako mai kyau a kan garwashin. Da na buɗe ƙofar da asuba, kifin ya fito launin zuma, yana sheƙi, babu wanda ya ƙone, babu toka a jikinsa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. A shekara tara da duro ban taɓa fitar da kifi mai kyan wannan ba.

Abin da ya fi komai daraja a wurina ba kyan kifin ba ne, idona ne. Hayaƙin yana bin bututu ya fita sama da katanga. Ina iya ɗora banda in shiga ɗaki in yi sallar isha'i, in duba aikin makarantar yara, in fito in ƙara gawayi. Da duro kuwa ba ka isa ka matsa ba, da ka juya baya mai ya ɗiga, wuta ta tashi ta lashe rabin kifin. Wata uku da fara aiki da murhun jan idon ya washe. Maƙwabciyata kuma yanzu tana cikin masu saye.

Farantin tare mai ɗin nan, wanda mutum zai ɗauka don tsafta kawai aka sa shi, shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Malamin horon ya yi mana bayani, daga baya 'yata da ke karatun kimiyyar abinci ta ƙara fayyace mini. Idan man kifi ya ɗiga a kan wuta ya ƙone, hayaƙin da ke tashi yana ɗauke da wasu sinadarai da ke manne wa kifin, mafi shahara a cikinsu shi ne benzopirin, wanda masana suka tabbatar yana jawo ciwon daji. Tarayyar Turai tun 2014 ta ce kada ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilo na kyafaffen kifi, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Baƙin kifin nan da muka tashi muna so, wanda ya sha hayaƙin itace da man da ya ƙone, shi ya fi kwasar wannan abu. Wanda ya zauna ya gano cewa raba wuta da kifi da faranti ɗaya zai rage wannan illa, ya yi wa masu banda da masu ci aikin alheri, Allah ya saka masa.

Man da ke taruwa a gwangwanin kuma ba asara ba ne. Idan na yi tarwaɗa mai ƙiba, nakan tace shi in yi miya da shi. Kifin ƙanƙara ma, musamman titus da ake shigo da shi daga ƙasashen Turai irin su Norwe, mai gare shi sosai, a duro wuta yake kamawa nan take. A murhun nan lafiya lau yake fitowa, bai fashe ba, bai yi baƙi ba. Yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku na cinikina titus ne.

Gawayi: buhu ɗaya yana yi mini zubi huɗu, wani lokaci biyar idan hunturu ne iska a bushe. Ya fi itacen da nake ƙonawa a da sauƙi, duk da tsadar da gawayi ya yi.

Sai dai kasuwa ba ta karɓe shi nan da nan ba. Makon farko wata tsohuwar mai saye ta ɗaga kifin ta juya shi ta ce, "Maman yara, wannan ai bai ji wuta ba, zai kai jibi kuwa?" Inna ma da ta zo ganin jikoki haka ta ce. Ta karya ɗaya, ta shinshina, ta ce, "Ke, wannan kifin 'yan gayu ne. Na miyar kuka sai ya sha hayaƙi." Na ce, "Inna, ki tafi da shi gida ki ajiye, ki ga kwana nawa zai yi." Ta ƙulle guda goma a kwali ta tafi da su Yawuri. Bayan mako biyar ta sa ƙanena ya kira ni ya ce ta cinye na ƙarshe jiya, babu tsutsa, babu funfuna. Ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ta ce in aiko da wani. Ga waɗanda suka fi son duhun launi, nakan ƙara garin katako a awa biyu na ƙarshe, ya yi duhu daidai gwargwado ba tare da ya ƙone ba.

Maganar tsutsa ba ƙaramar magana ba ce a sana'armu. Kifin da bai bushe ciki ba shi ƙwari ke ci, kuma kowa a kasuwa ya san akwai masu yayyafa fiya-fiya a kan kwandon banda don kada su yi asara. Guba ce, mutane ke ci. Kifin da ya bushe sosai, aka bar shi ya huce, aka rufe shi a leda mai kauri, ba ya buƙatar wannan ta'asa. Da damina kawai nake mayar da wanda ya kwana biyu cikin murhu na awa ɗaya, don laima kan sa ya yi laushi. A lissafina, kilo huɗu na ɗanyar tarwaɗa ke ba ni kilo ɗaya da ɗan ɗori na busasshe. Wadda za ta shiga sana'ar ta san da wannan kafin ta yanka farashi.

Yanzu ga inda ya ɓata mini rai.

Mai waldan ya ce murhun na cin kilo hamsin. Ba ya ci. Idan tarwaɗa manya ce an lanƙwasa ta, talatin da biyar ne iyakarsa, in ka cusa fiye da haka iska ba ta zagayawa, na tsakiya ya fito da ɗanyen ciki. Tiren ƙasa kuma ya fi na sama samun zafi nesa ba kusa ba, dole duk bayan awa biyu in sauya musu wuri. Agogon zafin wata biyu ya yi ya tsaya cak a kan 60. Ragar tiren ta waya ce mai rufin farin ƙarfe, ba ƙarfen da ba ya tsatsa ba, gishiri ya cinye ta kafin shekara, har tsatsa ta fara ɓata fatar kifi. Mafi muni, a wata na bakwai gindin akwatin gawayin ya huje, garwashi ya zubo ƙasa cikin dare. Allah ya kiyaye babu abin da ya kama, amma zubin ranar gaba ɗaya ya lalace, kuma odar biki ce. Araha ba ta ado, na sani, sai dai ni ba araha na saye shi ba. Kuɗin adashina na shekara guda na zuba.

Na koma wurinsa da akwatin a bayan a-daidaita-sahu. Ban je da faɗa ba, don mutum ne mai kunya, kuma hannunsa na da kyau a walda. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, zanen murhun nan a ina ka samo shi?" Ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, gaskiya wani na gani a gonar kifi a hanyar Kaduna. Na auna shi da tef, na ɗauki hotonsa a waya." Na ce to kaurin ƙarfen akwatin wuta fa, da tazarar da ke tsakanin garwashi da faranti, da faɗin bututu? Ya ce, "Wannan kam da ido na ƙiyasta. Da akwai wanda zai nuna mini daidai, wallahi da na bi." Na yarda da shi. Wanda ya kwaikwaya ɗin ma, mai yiwuwa daga wani kwaikwayon aka ɗauko shi.

A nan ne na gane inda gizo ke saƙar. Laifin ba na masu binciken ba ne, tsarinsu mai kyau ne, ga shi ko kwafin kwafinsa ya gyara mini ido da sana'a. Ba kuma duka na mai walda ba ne. Igiyar da ya kamata ta haɗa su ce ba ta iso unguwarmu ba. Gwamnati ta biya albashi da kuɗin gwaji an fitar da abu mai amfani, sannan aka bar shi yana yawo daga hoto zuwa hoto, kowane maƙeri na rage wani abu a hanya. Idan ana maganar haɗa bincike da masana'antu, hankali yakan tafi ga manyan kamfanonin jiragen kamun jatan lande da masu ɗakunan sanyi na Legas. Su ma suna da muhimmanci. Amma masana'antar da ke sarrafa yawancin kifin da talaka ke ci a ƙasar nan ita ce mace mai banda a Yawuri da Baga da unguwar Makoko ta Legas, da mai waldan da ke yi mata kayan aiki.

Mu 'yan gefen tafkin Kainji mun san amfanin cibiyar bincike idan tana kusa da mutane. Tun 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwan, aka fara aikin nazarin tafkin, wanda ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa. Masunta da masu kiwon kifi na yankin suna ganin ma'aikatanta da idonsu, suna iya tambaya. Wanda ke Kano ko Gusau ko Damaturu fa, wa zai tambaya?

Akwai darasi a Gana. A 1969 cibiyar binciken abinci ta ƙasar tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka zauna da matan wata unguwar masunta a Akara mai suna Chorkor, suka gyara murhun da matan ke amfani da shi. Abin da ya fito murhun laka ne da tire masu firam ɗin katako da ake jerawa kan juna. Ya bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma dalilin bazuwarsa a fili yake: magini da kafinta na ƙauye na iya yin sa, an kuma koya musu. Da aka gano shi ma kifinsa na kwasar sinadaran hayaƙi, sai aka sake fito da wani mai suna Ahotor, mai farantin tare mai, aka horar da maƙera na musamman su riƙa gina shi. A Senegal ma an yi irin wannan aiki da murhun da ake kira da sunan garin Thiaroye. Ko a Gana tsadar sabon murhun ta hana mata da yawa saye, don haka ba aljanna ba ce. Amma aƙalla an ɗauki maƙeri a matsayin wani ɓangare na aikin tun daga farko.

A watan Agusta na 2023 aka ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a Najeriya, aka naɗa Adegboyega Oyetola ministanta na farko, daga baya aka mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta. Jami'an gwamnati da kansu suna cewa ƙasar na buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba. Ƙasar da ke cikin wannan gibi bai kamata ta bar kifin da aka riga aka kama ya ƙone ko tsutsa ta cinye shi ba. Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A ɗauki masu walda biyar ko goma a kowace jiha a koya musu ainihin tsarin, da kaurin ƙarfe da ma'aunin komai, a ba su shaida. A sa hatimi a jikin murhun da ya cika ƙa'ida, yadda muke duba lambar NAFDAC a jikin magani. A rubuta littafin aiki da shi da Hausa, a karanta a rediyo. Sannan a samar da wurin da mace irina za ta kai kifi a auna mata sinadaran nan a kan kuɗin da za ta iya biya. Kifina bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ina gaya wa masu saye ya fi na duro tsafta don na ga yadda aka raba wuta da mai, amma ina so a ce takarda ce a hannuna. Ba don fitarwa waje kawai ba, ko da yake wannan ma abin dubawa ne, tunda Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwaɗar Najeriya a 2018 saboda ba a cika sharuɗɗan tsarin binciken lafiyar abincinta ba. Don 'ya'yanmu ne ke ci.

To a saya ko kada a saya? Wadda ke banda sau biyu ko uku a mako, tana cikin gari da maƙwabta, tana da masu saye da za su biya kuɗin tsafta, ta saya, ba za ta yi da-na-sani ba. Ni nawa ya mayar da kuɗinsa cikin wata goma sha ɗaya, har da asarar daren nan da kuɗin gyara. Amma 'yar'uwata da ke bakin ruwa, wadda kifi ke zo mata kwando goma yau gobe babu, murhun kilo talatin da biyar ba zai ɗauke mata ba, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin jarinta. Ita murhun laka mai jerin tire ya fi mata, a ƙara masa farantin tare mai.

Wadda ta yanke shawarar yin oda, kada ta tsaya a kan fenti. Ta sa hannu ta ɗaga akwatin gawayin, in ta ɗaga shi da hannu ɗaya ba wahala to siriri ne, ba zai kai shekara ba. Ta tafi da maganaɗisu ta manna a ragar tire: irin ƙarfen da ba ya tsatsa da ake kayan abinci da shi yawanci ba ya kama maganaɗisu sosai, waya kuwa caraf za ta kama. Ta rufe ƙofa ta leƙa ko haske na shiga ta gefe. Ta tambayi abin da aka cusa a bango, don akwai masu barin sa fanko. Kuma kada ta cika kuɗi sai an hura wuta a gabanta ta ga inda hayaƙi ke bi.

Mai waldan nawa ya sake mini akwatin da farantin ƙarfe mai kauri, kuɗin ƙarfen kawai ya karɓa. Tiren na sauya su ɗaya bayan ɗaya, agogon zafi kuma na sayi na masu gidan burodi. Yanzu mu biyar a ƙungiya mun haɗa kuɗi zai ƙera mana babba mai tire goma. 'Yata ta samo masa ma'aunai daga wani malaminsu da ya taɓa aiki da irin murhun, ya zauna ya kwafe su a bayan littafin rasit ɗinsa, yana tambaya yana sake tambaya. Ranar Asabar za mu je da kilo ashirin na tarwaɗa da rabin buhun gawayi mu gwada shi a bakin shagon.